Yankari ko duwatsun Jos: ina ya fi dacewa ka je ganin namun daji da furanni?

Duk wanda ya ce maka a tafiya ɗaya zai kai ka ka ga garken giwaye kuma ka ga furanni sun rufe ƙasa, to gaskiya ko dai bai san dajin ƙasar nan ba ko kuma kuɗin motarka yake so. Abubuwan nan biyu ba sa haɗuwa a wata ɗaya. Lokacin da ciyawa ta yi kore shar furanni suka ɓarke, lokacin ne dabbobi ke watsewa cikin daji saboda ko'ina akwai ruwan sha, ga gamba ta fi mutum tsawo, ko ɓauna ce a gefenka ba za ka gan ta ba. Lokacin da kuma daji ya bushe aka ƙone shi dabbobi suka taru a bakin kogi, yawancin ƙananan furanni sun riga sun mutu. Shi ya sa in mutum ya tambaye ni Yankari zai je ko Jos, ni ma tambayarsa nake yi, wane wata ka samu hutu? Don watan ne zai zaɓa maka, ba hoton da ka gani a Facebook ba.

Bari in fara da Yankari tunda ita kowa ya fi ji. Tana jihar Bauchi ne, ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinta ya kai murabba'in kilomita 2,244, an keɓe ta tun 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962. Gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 1991 sannan a 2006 ta koma hannun jiha. Daga Bauchi ka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima ka karya dama, ka bi har Mainamaji inda get yake, to daga nan fa ba ka iso ba, akwai sauran tafiyar kilomita arba'in da wani abu a cikin dajin kafin ka kai sansanin Wikki inda ɗakunan kwana suke. Mutane da yawa ba sa lissafa wannan sai su taso a makare su iso da duhu. Kuma wannan hanyar ta cikin daji ita kanta kallo ce, ka rage gudu, sau da yawa tun a nan za ka fara cin karo da birai da mugun dawa, wani lokaci mazo ya tsallaka titi a guje.

Abin da ya kamata ka sani tun daga gida shi ne Yankari ba wajen yawo da ƙafa ba ce. Mota ake shiga, da safe ko da yamma, tare da gaid, wato ɗan jagora na wajen, ko dai a motarsu buɗaɗɗiya ko a taka in tana da tsayi, a bi hanyoyin da ke gefen kogin Gaji. Ba za ka ce a tsaya in sauka in leƙa wancan furen ba sai in gaid ya yarda, kuma yana da gaskiya, daji ne mai ɓauna da giwa, akwai ma sauran zakuna ƙalilan. To in kai mutum ne mai son tattaki, ka taka ka tsuguna ka duba ganye ka ɗau hoton malam-buɗe-littafi, wannan tsarin zai ɗan takura ka. Inda ake sauka a taka kaɗan ne, kamar kogon Marshall, ramukan da mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, da wuraren da aka yi narkar da tama a da can.

Amma fa a ɓangaren manyan dabbobi duk Arewa babu inda za ka kai kanka cikin sauƙi ka ga abin da za ka gani a nan. Gwambaza kusan dole ne ka gani a fadamun Gaji, gwanki da kanki sai an ɗan dace, ɓauna garke-garke, dorina da kada a gurabun ruwa, ga burtu yana takawa a ƙasa kamar shi ya mallaki wajen. Tsuntsaye sun haura iri 350. Giwa kuwa, ita ce kowa ke zuwa dominta kuma ita ce ta fi ba mutane haushi, don garken da ya rage bai wuce ɗari zuwa ɗari da hamsin ba a daji mai wannan girman, ba ɗaure su aka yi ba, yau suna nan gobe sun yi nisa. Kashinsu ɗanye za ka gani a kan hanya, da rassan da suka kakkarya, gaid ya ce ai yanzun nan suka wuce, kai kuma ka koma ɗaki ba ka gansu ba. Wanda ya zo da kwana ɗaya ya fita sau ɗaya caca ya yi. In da gaske giwa kake so, ka ba wajen kwana biyu ko uku ka riƙa fita safe da yamma, kuma ka zo tsakanin Fabrairu da Afrilu lokacin da ruwa ya ƙafe ko'ina sai Gaji. Matsalar kawai zafi, a Maris da Afrilu yakan taɓa digiri 40, ga tsando a wasu wuraren yana cizo ta cikin riga, kar ka sa baƙaƙen kaya ko shuɗi don su ne ke jawo shi.

Raƙumin dawa da jakin dawa kar ka nema a Yankari. Waɗannan suna Sumu ne, a ƙaramar hukumar Ganjuwa, daga Namibiya aka kawo su a 2006, waje ne daban kuma hanya daban.

To furanni fa, a ce kenan wanda ya je Yankari da rani ba zai ga komai ba? A'a, nan ne mutane ke kuskure, suna kallon ƙasa kawai alhali da rani furen yana sama. Itatuwan dajinmu da yawa sai sun zubar da ganye suke fure. Gurjiya da hunturu za ka ganta tsirara ba ganye ko ɗaya amma rassanta cike da jajayen furanni masu kauri, tsuntsaye na ta rububi a kai. Madobiya takan rikiɗe ta koma ruwan ɗorawa gaba ɗaya. Minjirya ja zur. Ɗorawa kuwa wajen Fabrairu zuwa Maris take sako tutunta, jajayen ƙwallaye suna reto a dogon zare, da dare jemagu ne ke zuwa shan zumarsu. Wanda ya fi burge ni shi ne rawaya, wannan da mata ke tono saiwarta a sa a miya ko a rina abu, bayan wuta ta cinye daji ƙasa ta yi baƙi ƙirin sai ka ga fure rawaya babba ya fito kai tsaye daga cikin toka, ba kara ba ganye, a manne da ƙasa. Daga cikin mota ma ana hango shi. Don haka rani yana da nasa, sai dai ba irin shimfiɗar furannin da ake gani a hoto ba ce.

Sai kuma Wikki, wanda in za a faɗi gaskiya rabin masu zuwa Yankari don shi suke zuwa. Ruwa ne mai ɗumi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutse, digiri 31 dare da rana rani da damina, garau har kana ganin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka. Bayan ka sha ƙura a fitar yamma ka sauka matakalan nan ka shiga, gajiya ta tafi. Jos ba ta da abin da za ta ajiye kusa da wannan. Sai dai a kula da gwaggon biri na sansanin, sun saba da mutane fiye da kima, leda in suka gani a hannun yaro ko mace fizgewa suke, ɗaki in ka bari a buɗe za su shiga su yi bincike, mota ma haka. Kar a ba su abinci don a ɗau bidiyo, wannan ɗabi'ar ce ta lalata su tun farko.

Yanzu Jos. Nan lissafin juyewa yake gaba ɗaya. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ruwan sama ya fi na Bauchi da Kano yawa, iska mai sanyi, kuma abin da za ka yi a nan da ƙafarka za ka yi shi. Duwatsun Shere da ke gabas da gari sun kai wajen mita 1,829 a ƙololuwa, can ne ma ake kai matasa horon hawan dutse da juriya shekara da shekaru, kuma yanzu akwai ƙungiyoyin matasa masu fita tattaki ranar Asabar da za ka iya bi. Ba get mai nisa, ba jiran motar fita, ka kwana a otal ko gidan ɗan'uwa cikin gari da asuba ka ɗau shatar mota ko Keke zuwa gindin dutse, kafin azahar ka dawo ka ci abincinka. Ta fuskar aljihu wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, don a Yankari komai a wajen za ka saya, ɗaki, abinci, kuɗin shiga, kuɗin fita kallo, har kyamara ana iya cajinka, kuma ba ka da zaɓin ka ce bari in leƙa wani shagon.

Amma kar ka je Jos da tunanin manyan namun daji suna yawo a sake. Babu. A kan duwatsu abin da za ka gani rema ce tana shan hantsi a kan falalen dutse, da birai jefi-jefi, da ƙadangaru masu launi, hawainiya in idonka na da kyau, sai shaho da mikiya a sama. Akwai gandun dabbobi na Jos da aka kafa a 1972 zamanin gwamna Joseph Gomwalk, faɗinsa murabba'in kilomita 8, yana da itatuwa da inuwa da wajen zama, ya dace da fikinik da yara, amma manyan dabbobin a killace suke, kusan gidan zu ne a cikin daji. Ni a ganina wanda ya taɓa ganin ɓauna a sake tana kallonsa tana hura hanci ba zai ji daɗin ganinta a bayan waya ba, amma ga yaro ɗan shekara biyar da bai taɓa ganin jimina ba wannan ma babban abu ne.

Inda Jos ta yi wa Yankari fintinkau shi ne ƙananan abubuwa, kuma da damina. Daga ruwan farko wajen Afrilu zuwa Mayu masu albasa a ƙasa ke fara fitowa, albasar kwaɗi da manyan furanninta farare masu jan layi a wuraren da ruwa ke kwanciya, da takalmin zomo, wanda ganyensa huɗu ke shimfiɗe a ƙasa fure rawaya ya fito a tsakiya. Wannan takalmin zomon fa shi ne furen ƙasa na Najeriya, shi ne aka zana a ƙasan tambarin gwamnati ƙarƙashin dawakan nan biyu, duk da a zanen ja aka yi shi. Mutum nawa ne suke riƙe da takardar kuɗi kullum ba su taɓa ganinsa a fili ba. Tsakiyar damina sai gatarin kurege ya hau kan ciyayi da ƙugiyoyin bakin ganyensa, furen ja da rawaya a murɗe sun juya sama kamar harshen wuta, kyau iya kyau amma dafi ne tun daga saiwa har fure, a hana yara taɓawa su kai baki. A tsagin duwatsu kuma akwai alobera ta daji, da ƙerana da mutanen ƙauyukan wajen ke yin shinge da ita tun kaka da kakanni, ita ma ruwanta fari in ya shiga ido matsala ne. Wajen Satumba zuwa Oktoba ciyawa ta yi kai, ƙananan furanni shuɗi da jaja-jaja da ruwan hoda sun cika gefen hanya, malam-buɗe-littafi iri-iri, zalaidu ya fitar da doguwar jelarsa yana tashi sama-sama, mulufi ya yi jajir a kan karan ciyawa. Wannan ne lokacin da na fi so, ruwa ya fara sauƙi, dutse bai cika santsi ba, kuma komai bai bushe ba tukun. Agusta kuwa marka ce, hazo ya rufe dutse, ka sha wahalar hawa ka isa sama ba ka ganin komai sai fari.

Mai son tsuntsaye da gaske akwai wajen da bai kamata ya wuce ba, dajin Amurum a ƙauyen Laminga, kilomita goma sha biyar ko makamancin haka daga gari. Ƙaramin waje ne, hekta ɗari uku kacal, amma an ƙirga tsuntsaye kusan iri 300 a ciki, kuma nan ne cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos take, ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama suna zuwa karatu. Akwai wani ɗan jan tsuntsu na cikin duwatsu da sai a 1998 masana suka tabbatar iri ne na daban, da kuma wani baƙi mai sheƙi da ba ya gina sheƙa, a sheƙar jan yake zuba ƙwai a rainar masa, har kukan jan yake kwaikwaya. Turawa na biyan kuɗin jirgi su zo don waɗannan biyun kawai. Amma wajen bincike ne ba wajen casu ba, sai ka nemi izini kafin ka je, kuma ba a zuwa da sipika ana kiɗa. Abin da ya ɗan ɓata wajen, har da sauran duwatsun Jos, shi ne wata baƙuwar ƙaya mai ƙananan furanni kala-kala da aka shigo da ita don ado ta bazu tana danne na gida, za ka ga mutane suna ta ɗaukar hotonta suna cewa furen daji.

In kana hanyar Abuja ne, ruwan Assop mai zubowa daga kan dutse yana nan gefen titi wajen Hawan Kibo, da damina yake da ƙarfi, tsayuwar awa ɗaya ta isa. Dutsen Riyom shi ma daga titi ake ganinsa. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai shi ne kududdufan da haƙar kuza ta bari ko'ina a kewayen Jos da Bukuru, ruwan ya yi kyau a ido ya kwanta luf, amma ramuka ne masu zurfi da gefe a tsaye, sun ci mutane da yawa, kar wanda ya ce zai yi iyo.

Maganar iyali ma tana shiga lissafi. In da tsofaffi ko mai ciki ko ƙananan yara za ka tafi, Yankari ta fi, zama ne a mota, wahalar kawai matakalan Wikki da girgizar hanya. Shere kuwa akwai inda sai ka sa hannu ka dafa ka ja jiki, wanda gwiwa ke damunsa ba zai ji daɗi ba, kuma 'yan'uwa mata a sa wando mai kauri a ƙarƙashin doguwar riga da hijabi wanda ba ya jan ƙasa, silifas da takalmi mai tsini a bar su a gida. Takalmi rufaffe dole ne a duka wuraren biyu saboda maciji, yankin Bauchi da Gombe da kudancin Filato ƙasar kububuwa ce, ba banza aka yi asibitin saran maciji a Kaltungo ba. Kar ka zura hannu a ƙarƙashin dutse ko ramin da ba ka ga cikinsa ba. Sanyi kuma, wanda zai je Jos a Disamba ko Janairu ya ɗau rigar sanyi ta gaske, da dare wani lokaci yakan sauka ƙasa da digiri 10, mutumin Sakkwato ko Maiduguri zai gane kurensa.

Tsaro ba abin da za a ɓoye ba ne. Dazuzzuka irin su Kamuku a Birnin Gwari yanzu ba mai hankalin da zai ce ka je yawon buɗe ido, shi ya sa ma zaɓin ya taƙaita. Yankari da Jos ana zuwa, amma yanayi na canzawa, kafin ka taso ka kira ma'aikatan wajen ko direbobin tasha ka ji halin da hanya ke ciki a satin, ka yi tafiyar rana, kuma a Filato kar ka shiga ƙauye ko ka hau dutse ba tare da ɗan gari ba. Wasu duwatsun ma wuraren al'ada ne na mutanen wajen, akwai inda ba a so baƙo ya taka, gaid ɗan ƙauyen shi zai gaya maka, ɗan abin da za ka ba shi bai kai rigimar da zai kare ka daga ita ba. Netwok a cikin Yankari ba abin dogaro ba ne, ka riƙe tsabar kuɗi kar ka dogara da tiransifa, ka cika tanki tun daga Bauchi.

Akwai masu cewa to ai Gashaka Gumti ta haɗa duka biyun. Gaskiya ne ta wani ɓangaren, ita ce gandun daji mafi girma a ƙasar nan, tsakanin Taraba da Adamawa, ga tattaki na kwanaki, ga kurmi, ga birai iri-iri har da wanda ya fi kama da mutum, ga Chappal Waddi mai mita 2,419 da ba dutsen da ya kai shi tsayi a Najeriya. Amma kafin ka kai Serti, garin da ake bi a shiga gandun, daga Kano ko Kaduna ka ci kwana a hanya, kuma tafiya ce ta mai ƙarfi da lokaci da kuɗi, ba ta hutun ƙarshen mako ba. Wanda bai taɓa hawa Shere ya ji yadda ƙafarsa take ba kar ya fara da can.

To in hutunka ya faɗo tsakanin Janairu da Afrilu, ka tafi Yankari kawai, Jos a lokacin ta bushe, ƙura da hazo, duwatsun na nan amma furen ƙasa ya tafi. In tsakanin Mayu da Oktoba ne, Jos, don a Yankari lokacin wasu hanyoyin cikin dajin ma ba sa biyuwa saboda taɓo, za ka biya kuɗin fita ka dawo da hoton ciyawa. Masu son haɗa biyun a tafiya ɗaya tunda Jos zuwa Bauchi bai fi awa biyu ba sukan zaɓi Nuwamba, ana iya yi, amma ka sani rabi-rabi za ka samu, furannin Jos sun fara bushewa, ciyawar Yankari kuma ba ta gama kwanciya ba. Hutun ƙarshen Disamba da na Sallah kuwa Wikki cika yake maƙil da 'yan makaranta da masu biki, hayaniya har dare, ɗaki ma sai wanda ya kama tun da wuri. In da hali ka ɗau ranakun aiki, Talata zuwa Alhamis, ka fita da motar farko ta safe, ka zauna kusa da gaid don shi ke fara hango abu kafin kowa.